Kundi Ba Ubangida: Daga Sifawa Zuwa Situdiyo

Sabon kundin waƙa ya daina zuwa Boɗinga a cikin kwali. A da, in mawaƙi ya saki aiki a Kano, dillalai ne ke ɗoro kaset ko faifan sidi a mota zuwa Sakkwato, daga can masu bin kasuwannin ƙauye su rarraba, har ya sauka a teburin mai sayarwa a bakin titin nan da ya ratsa Boɗinga da Shagari ya miƙa Tambuwal da Jega. Yau kundin kan riga motar isowa. Mawaƙi ya ɗora shi a intanet da dare, kafin azahar ɗin washegari yana cikin kwamfutar yaron da ke cajin waya a tasha. Ɗan acaɓa ya tsaya, ya zare memori daga wayarsa, ya ce, "A cika min da sababbi." Ya miƙa 'yan nairori, ya tada babur ya wuce. An yi ciniki, kowa ya gamsu, amma ko sisi daga kuɗin nan ba zai kai hannun wanda ya hana idonsa barci yana jera baitocin ba.

Mutumin nan da ya hana idonsa barci shi ake kira mawaƙi mai cin gashin kansa. Babu kamfanin da ya ɗauke shi, babu fadar da ke ciyar da shi. Shi ke rubuta waƙarsa, shi ke biyan situdiyo, shi ke rerawa, shi ke sakin ta, in an yi asara kuma shi ke ɗauka. Irin su Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa, da Nura M. Inuwa da ɗimbin matasan da ke bin sawunsu duk a wannan layi suke. Mutane da yawa na ɗaukar wannan nau'in mawaƙi baƙo ne da ya zo tare da fiyano da kwamfuta. Ni a ganina ɗan gida ne, ɗan gidaje biyu ma, waɗanda suka yi kusan shekara 200 ba su zauna kan tabarma ɗaya ba. Kuma duk wanda ke son ganin tushen gidajen nan biyu, ba ya bukatar ya yi nisa da Boɗinga da Shagari.

Gidan alƙalami

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna. A waɗannan shekaru ne aka raba kula da daular, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi, Shehu ya ja gefe yana karantarwa yana rubutu. Mutanen nan duk marubuta waƙa ne. Sun yi da Larabci don malamai, sun yi da Fulatanci da Hausa don makiyayi da manomi da matar da ke daka a tsakar gida. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta ɗauki abin ta mayar da shi makaranta sukutum: jajinta sukan ɗauki waƙa daga bakinta, su kai wa mata 'yan taru a ƙauyuka, a rera a haddace. Ita ce ta mayar da "Tabbat Haƙiƙa" ta mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, shi ya sa har gobe ake jin ta a bakin almajirai.

Waƙar wannan gida tana da ƙa'idojinta. Akwai kari, akwai amsa-amo, akwai buɗewa da sunan Allah da salati, akwai rufewa. Ba kiɗa a cikinta. Ba a kuma yin ta don a samu riga ko doki. Abin da marubucin ke roƙo shi ne addu'a. Sannan akwai wata al'ada da ta dace a tsaya a kanta: sau da yawa marubuci kan saka sunansa a baitocin ƙarshe, ya ɗaure shekarar da ya gama cikin ramzi. Waƙar za ta bi hannu dubu, a kwafe ta a sake kwafewa, amma sunan mai ita yana ɗinke a jikinta.

Batun kiɗa kuwa tun a lokacin ake kai ruwa rana a kansa. A Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin halayen sarakunan da ya yi wa inkari, ya keɓe kiɗan da ake yi don wata bukata ta shari'a kamar tara mayaƙa. A shekarun Sifawa, cikin Najmul Ikhwan, ya kawo saɓanin malamai a kan wasu kayan kiɗa, ya nuna a sassauta wa jama'a a inda malamai suka saɓa. Malam Abdullahi bai sauka daga tsananinsa ba. Wato gardamar da ake yi yau a majalisun Boɗinga, in saurayi ya ce zai shiga situdiyo, wa da ƙane sun yi irinta a wannan ƙasa da alƙalami, cikin ladabi, shekara 200 da suka wuce.

Wannan gida bai mutu da masu jihadi ba. A 1948 wani malamin makaranta ɗan garin Shagari, mai shekara 23 a duniya, ya rubuta "Waƙar Nijeriya" don ya koya wa yara ƙasarsu: kogunanta da garuruwanta da mutanenta da tarihinta. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga ta a 1973. Malamin nan, Alhaji Shehu Shagari, shi ne ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a garin Shagari aka binne shi a Disamban 2018. Ana tuna shi da mulki, amma ya riga ya zama mawaƙi kafin ya zama ɗan majalisa. Abin da ya yi shi ne abin da Asma'u ta yi: ya ga darasi mai wuyar shiga kai, ya zuba shi a kari don ya zauna. A birnin Sakkwato ma an yi irin su Alƙali Bello Giɗaɗawa da Malam Sambo Wali, da Alƙali Haliru a Wurno, duk masu alƙalami.

Gidan ganga

Gida na biyu shi ne na makaɗa, kuma babu ƙasar da ta kai ta Sakkwato da Zamfara da Kabi arzikinsu. Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Aliyu Ɗandawo, haifaffen Shuni, maƙwabciyar Boɗinga, wanda taushi ya kai shi Argungu sannan Yawuri. Sa'idu Faru, da ya riƙe Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, aka kuma san shi da ƙin yi wa wanda ba jinin sarauta ba waƙa. Musa Ɗanƙwairo, da ya gaji kotso daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa wansa Kurna amshi kafin ya ja nasa ayarin, ya yi wa Sardauna, ya yi wa sarakuna gabas da yamma har rasuwarsa a 1991.

A nan babu takarda. Ƙwaƙwalwar 'yan amshi ita ce takardar. Jagora ya kawo gindin waƙa, a juya shi, a gwada shi da kiɗa, ya fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu. Ɗan da bai zauna ba, a bakinsu zai nuna bai zauna ba, sai a jefar. Kafin waƙa ta fito gaban sarki ta riga ta bi kunnuwa bakwai ko takwas na mutanen da suka tashi cikin sana'ar. Wannan tacewa ce ta sa ake jin waƙar Narambaɗa yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, ba a samun inda za a ce da ya rage nan.

Abin da ya ba su wannan sarari shi ne ubangida. Shi ke ba makaɗi gida da gona da dawaki da tufafi da hatsi, ya yi masa aure, ya yi wa 'ya'yansa suna. Makaɗi kuma ya biya da zuga da kirari, da zambo ga abokan hamayyar ubangidansa. Akwai ƙangi a ciki, babu shakka: makaɗin fada ba ya waƙe wanda ya ga dama, ba ya faɗin abin da ya ga dama. Amma ba ya kwana da tunanin abin da za a ɗora a murhu gobe, shi ya sa yake da lokacin sassaƙa magana.

Ba duka makaɗa ne na fada ba. Ɗan Anace ya rayu da kalangu a filin dambe, ya ɗaukaka ɗan dambe Shago har sunan ɗaya ba ya zuwa ba tare da na ɗayan ba. Ubangidansa shi ne taron da ya kewaye fili. Amma waɗanda suka fasa ƙofar sosai mutum biyu ne daga wajen wannan yanki. Mamman Shata na Musawa bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba, kuma bai taɓa yarda wata fada ɗaya ta mallake shi ba. Ya waƙe sarki, ya waƙe direba, ya waƙe ɗan kasuwa, ya waƙe noma, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Na biyun shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba 'yan amshi, ba sanƙira. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan zaman aure da auren dole da halin ɗan Adam, abubuwan da babu wanda zai ba shi doki saboda su. In ana neman kakan mawaƙi mai cin gashin kansa a gidan ganga, to shi ne.

Rediyo ne ya fara zaunar da gidajen biyu wuri ɗaya. Daga 1962 gidan rediyon Kaduna ya riƙa kai muryar makaɗa har rugagen da ba su taɓa ganin fada ba, daga baya Rima Rediyo ya ɗauki nasa rabon a Sakkwato. A akwatin nan guda aka ji Shata, aka kuma ji Alhaji Aƙilu Aliyu, ɗan Jega, can gaba kaɗan a kan wannan titi namu, yana rera rubutattun waƙoƙinsa da bakinsa. Aka ji Abubakar Ladan Zariya yana rera ta haɗin kan Afirka da murya mai zaƙin da ya sa mutane suka manta babu ganga a bayanta. Daga nan tazara ta ragu. Abin da ya rage kawai a samu kiɗan da ɗan malam zai iya hawa ba tare da an ce ya zama maroƙi ba.

Fiyano ta kawo wannan. A ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, situdiyoyi suka fara haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha, wadda ke kwaikwayon kalangu da sarewa da algaita ta hanyar danna maɓalli. Yaro ɗaya a ɗaki mai faɗin tabarma uku ya maye gurbin ayari guda. An samu riba: wanda bai gaji kiɗa ba, bai kuma da halin ciyar da mutum takwas, ya samu hanyar fitar da abin da ke ransa. An kuma yi asara, wadda ba a cika faɗa ba: kunnuwan nan bakwai masu tacewa sun tafi. Mawaƙin yau shi da mai kiɗansa ne kawai, mai kiɗan kuwa agogo yake kallo, don akwai wani a waje yana jiran layi.

Ala

Babu wanda rayuwarsa ta nuna haɗuwar gidajen biyu kamar Aminu Ala. An haife shi a Kano a 1973. A Islamiyya ya fara sanin kari, wato ta ƙofar alƙalami ya shigo, kuma kafin a san shi da waƙa an san shi da rubuta littattafan labari, cikinsu har da Jirgi Ɗaya Ke Ɗauke da Ni. Da ya juya ga waƙa sai ya zo da kayan marubuta: baiti mai tsayayyen amsa-amo, kalmomin da aka tono daga tsohuwar Hausa da Larabci, jigo guda da ake bi daga farko har ƙarshe. Ya ɗora su kan fiyano a daidai lokacin da kasuwa ta cika da waƙoƙin nanaye na fim. Ya kuma kafa nasa wurin, Taskar Ala, don kada ya riƙa jiran wani ya ba shi izinin shiga ɗakin ɗaukar murya. Malaman jami'a da suka daɗe suna kallon waƙar fiyano a matsayin shirme suka fara ba ɗalibai aikin nazari a kansa. Dattijon da ba ya barin a kunna waƙar fim a gidansa ya bari a kunna Ala.

'Yancin nan ya zo da farashinsa. A "Baubawan Burmi" ya caccaki shugabannin zamani yana gwada su da magabata, waƙar da babu mai mulkin da zai biya a yi ta. Sannan aka shiga shekarun takun-saƙa tsakanin masu fasaha da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi jagorancinta a 2007. Ala da wasu abokansa suka yi "Hasbunallahu", waƙar kai ƙara ga Allah a kan masu takura musu. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, tana ciki, a watan Yuli kuma aka kama shi bisa zargin sakin waƙa ba tare da tacewa ba. Bayan haka ya koma Kaduna da zama na wani lokaci.

Abin lura a wannan labari shi ne hanyar da waƙar ta bi. Ba a jera ta a teburin mai sayar da faifai ba. Daga waya zuwa waya ta yi tafiya, ta bulutut, kuma haramcin bai yi komai ba sai ƙara mata kasuwa. A nan aka ga ƙarara cewa hukuma ba za ta iya tare waƙa ba. Abin da mawaƙa ba su gani ba a cikin murnar, shi ne cewa hanyar da hukuma ta kasa tarewa, su ma ba za su iya kafa mata shingen karɓar kuɗi ba.

Lokacin faifai, duk da satar fasaha, akwai abin da ake ƙirgawa. Masu fim kan buga kwalaye su sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su kuma su zuba faifai a ciki, don haka yawan kwali shi ne yawan ciniki, mawaƙa kuma a hannun 'yan kasuwar nan suke. Ana ƙorafin cuta, amma kundi yana da jiki, ana iya cewa an sayar da kaza. A wannan yanayi ne Nura M. Inuwa ya gina sunansa. Ya saba wa masoyansa da jiran kundi a farkon shekara, irin su Afra da Ranar Aurena da Wasiƙa, kuma ya daɗe ba a cika ganin fuskarsa a bidiyo ba, murya da kalmomi kawai. Budurwa a Dandin Mahe ko Kajiji da ba ta taɓa zuwa Kano ba tana iya jero kundin daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe. Ina ganin wannan babban abu ne. Kundi yana ba mawaƙi damar ya yi magana mai tsawo: ya sa waƙar da za ta ja kasuwa a gaba, ya ɓoye ta uwa ko ta maraya ko ta mutuwa a tsakiya, mai saurare ya ci karo da ita ba da shirinsa ba, wataƙila ma ita ce za ta zauna masa.

Yanzu waƙa ɗaya tilo ce ke mulki, ita ma ba dukanta ba. "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta mamaye ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen korona, ta hanyar gajerun bidiyoyin da mutane suka riƙa ɗauka suna taka rawa. Tun daga nan mawaƙi ya san abin da ake nema a wurinsa: daƙiƙa talatin da za a yanka a ɗora a TikTok. Wanda ya zauna ya tsara waƙa goma masu bin juna, ya san tara daga ciki ba lalle a ji su ba.

Ana cewa ai akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, suna biya. Suna biya, amma gwargwadon tallan da ke bin mai kallo, kuma kallon da aka yi daga Nijeriya bai kai darajar wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba. Sannan mutumin Shagari ba ya sauraron waƙa kai tsaye ta intanet sau ashirin. Data kuɗi ce, ta kuma ƙara tsada bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Sau ɗaya ake saukewa, a wurin mai tura waƙa, ƙauye guda ya ci daga nan. A Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, waƙa ba ta tsaya ba, domin a memori take. Mawaƙin Hausa yana da masu saurare miliyoyi daga Sakkwato zuwa Maraɗi, daga Agadas zuwa zangon Kumasi, har Sudan da Saudiyya, amma mafi yawansu na'urar da ke lissafin kuɗi ba ta ganin su.

To ina kuɗin yake fitowa? Daga inda yake fitowa tun zamanin Jankiɗi. Ango ya biya a yi wa amaryarsa waƙa a ambaci danginta. Mai sabuwar sarauta ya biya. Ɗan kasuwa ya biya a tallata masa shago. Sama da kowa, ɗan siyasa ya biya. Mutanen Sakkwato sun san wannan tun zamanin Alhaji Musa Ɗanba'u Gidan Buwai, yau kuma Dauda Kahutu Rarara ya kai sana'ar inda ba a taɓa kai ta ba. Shi kansa Rarara a 2020 ya gwada wata dabara, ya nemi masoyan Buhari kowa ya turo naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙa, aka kuwa tura. Fada ma ta dawo da hannunta: a ƙarshen 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa, Ala kuma ya yi wa Sarki Ado Bayero da wasu sarakuna waƙoƙin da suka shiga cikin mafi shaharar ayyukansa.

Ba na ganin laifin yabo. Rabin abin da muke taƙama da shi na adabin baka yabo ne, kuma wanda ya ce a raba waƙar Hausa da shi bai san ta ba. Damuwata ita ce irin ubangidan. Na da yakan riƙe makaɗi har tsufa, in ya rasu magajinsa ya ci gaba da riƙo. Na yanzu zuwa ranar zaɓe yake bukatarka, yana so a gama waƙar jibi, yana so a zagi wane a ciki, wanda wataƙila baɗi jam'iyyarsu ɗaya. Mawaƙi ya ɗauki ƙangin fada, bai samu inuwarta ba. Kundin da ya kamata ya zama gonarsa ya koma tallan da yake yi kyauta don masu biki da masu takara su san lambarsa.

Ɗan Boɗinga a gaban makirufo

Saurayin da ya tashi a Boɗinga ko Shagari da baiwar waƙa yana da hawa biyu kafin ya kai inda ɗan Kano ya fara. Na farko a gida ne. Ƙasa ce ta malamai, kuma har yanzu in an ce waƙa da kiɗa, abin da ke faɗo wa uba a rai shi ne roƙo. "Mu ba mu gada ba" magana ce da ta kashe baiwa mai yawa. Da yawa sukan zagaya ta hanyar bege ko waƙar Islamiyya, inda iyaye ba sa ɗaga murya. Na biyu shi ne nisa. Situdiyo sai birnin Sakkwato, wanda ke son a ji shi sosai kuma sai ya dangana da Kano ko Kaduna, inda masu kiɗa da masu bidiyo da masu tallatawa suke.

A hanyar nan yakan yar da wani abu da ya fi kuɗin mota tsada, wato harshensa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Faru da Hausarsu ta yamma suka yi waƙa, Bakano da Bazazzagi suka bi su suka koya, har yau malamai a Kano suna zama su warware ma'anar kalmominsu. Ɗan yau kuwa da ya tsaya gaban makirufo sai ya gyara bakinsa ya koma Kananci, don an gaya masa Sakkwatanci na masu barkwanci ne a fim. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Yana barin abin da babu mai yi sai shi, ya shiga layin da mutum dubu suka riga shi.

Ga kuma abin waƙa jibge a ƙofar gidansa. Mai noman albasa a fadama da ya kwashe rani yana ban ruwa, farashi ya karye ranar da ya kai kasuwa. Ɗan cirani da ke barin gida bayan kaka ya nufi Legas ko Ibadan, ya bar amarya da tsohuwa. Mai kamun kifi a madatsar ruwan Shagari. Mutanen Isa da Sabon Birni, ƙasar Narambaɗa, da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga suka warwatsu, wasu a Sakkwato wasu a hayin Nijar. Babu ango ko ɗan takarar da zai ba da kwangilar waɗannan waƙoƙi. Sai wanda ke cin gashin kansa ne zai yi su, shi ma sai in kundi zai iya mayar masa da kuɗin situdiyo ya bar masa na cefane.

Akwai doka. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta shigo da abin da ake yaɗawa ta intanet, ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa daga inda aka ɗora ba da izininsa ba. Amma babu jami'in da zai bi tasha-tasha yana kama yara masu kwamfuta, kuma ni ban so a yi hakan. Yaron nan shi ne dillalin da ya rage, shi ke kai waƙa inda kamfanonin intanet ba su kai ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a zauna da su. Ba su da wuyar samu, kowa ya san teburinsu. Mawaƙi zai iya ba su kundi tun kafin ya hau intanet, a kan wani abu sananne da za su haɗa su biya, su kuma su samu kwanakin da kayan ke hannunsu su kaɗai. Masu hali na garuruwan nan da ke zuba kuɗi a waƙar da za a ambaci sunansu, za su iya ɗaukar nauyin kundi guda ba tare da sun ce a saka su a ciki ba. Gidajen rediyon Sakkwato kuma su ware wa 'yan ƙasa fili, su daina jiran sai Kano ta ce wane ya iya.

Sai batun ajiya, wanda ya fi gaggawa fiye da yadda ake zato. "Waƙar Nijeriya" ta kai gare mu don an buga ta a Zariya. Waƙoƙin Narambaɗa da na Jankiɗi sun kai don rediyo ya ɗauka, sannan masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka bi su suka rubuta, suka nemi iyalai da 'yan amshin da suka rage. Waƙar saurayin da ya yi kundi ɗaya a wani situdiyon Sakkwato shekara goma da suka wuce, situdiyon ya rufe, kwamfutar ta lalace, tana ina? Mawaƙan yau suna ambaton sunansu a cikin waƙa, kamar yadda marubutan da suke yi a baitin ƙarshe, amma sunan ba zai yi amfani ba in waƙar kanta ta goge. Sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu suna da ɗalibai da ma'aikatan da za su iya bin masu tura waƙa na Boɗinga da Shagari da Yabo da Tambuwal, su kwafe abin da 'yan yankin suka yi, su rubuta baitocin, su sa suna da gari da shekara. Faifan ajiya ɗaya da kuɗin mota sun isa a fara.